Hayar Ruwa

Galma ta shigo gonata daren Laraba,
ba sallama, ba neman iso.
Shinkafar da na dasa da bashin taki
ta wayi gari tana kaɗa kai a ƙarƙashin ruwa.
Buhu goma sha huɗu na ƙirga a zuci,
ko tiya ban auna ba.

Kwana tara ina zuwa bakin fadama in tsuguna,
zaman makokin da babu mai kawo gumba.

Ran na goma sai ga Barau, telan Tudun Wada,
bisa babur, bindiga naɗe a tsohon zane.
Ya daɗe yana kallon ruwan. Bai yi mini jaje ba.
Ya ce, “Dogara, nawa za ka ba ni haya?”
Na ce, “Hayar me? Gonar ai ta nutse.”
Ya ce, “Riƙe ƙasarka.
Abin da ke sauka a kai nake so.”

Dubu goma sha biyu, har ruwa ya janye,
da agwagwa ɗaya cikin kowace biyar.
Mai unguwar Dakace ya shaida, muka tafa.
Ban taɓa jin wanda ya ba da hayar asararsa ba,
sai a kaina.

Tun kafin assalatu muke kutsawa,
ruwa iya cinya, taɓo na ƙwace mini takalmi,
matsattsaku na karɓar tasu zakkar a ƙwauri.
Mun kafa 'yar bukkar gamba a kan suri,
daidai inda nake ajiye tulu lokacin shuka.
“Kar ka mari sauro,” in ji Barau,
“tafi ɗaya ya isa ya watsa kasuwar.”
Na bar su suka sha.

Sai fito.
Siriri, sau uku, daga wajen Shika,
kamar yara na kiran juna a bayan gari.
Kirinjijiya ce, fuska fara kamar an shafa alli,
garke guda, suka kewaya sau biyu
suka zube a kwarin da na fi zuba wa taki.
Ina ji suna tsotsar zangarniyata,
ina tsugune, an hana ni ko tari.

Bindiga ta yi magana.
Hayaƙin albarushi ya kwanta a kan bado,
sama ta cika da fiffike da kuka.
Biyu suka rage.
Ɗaya shiru, ɗaya na zagaya kanta da karyayyen fiffike.
Na ruga da wuƙa kafin ta zama mushe,
na yi bisimilla, ɗuminta na bugawa a tafina.

Wata ta ƙi bin garken.
Ta yi ta kewaya mu tana fito,
har rana ta hau kan giginya.
Barau ya ɗaga bindiga, ya sauke,
ya ce wai ɗurin ya jiƙe.
Na ga ɗurin. Ban ce komai ba.

Da yamma Kande ta fige rabona a bakin murhu,
ta tsaga ƙundu, ta tsaya,
ta miƙo mini tafin hannu:
ƙwayar shinkafa, da ƙaiƙayinta, ba ta ko narke ba.
Ta ce, “Malam, ga girbinka ya iso.”
Muka yi dariya, har yara suka leƙo.
Romon ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba.

Mako shida ruwa ya ja zanensa,
ya bar mini laka da ƙwanson katantanwa.
Kuɗin Barau sun biya rabin takin.
Ya ɗaure bindiga a bayan babur,
ya ba ni hannu, ya ce,
“Allah ya maimaita mana baɗi.”

Na buɗe baki zan ce amin.
Har ƙurarsa ta ɓace a hanyar Jos
ina tsaye, bakin a buɗe.